Ruwan damina yana wanke maganin feshi daga gona?

Mai tumatir: Assalamu alaikum. Ni dai a ganina duk maganin ƙwarin da muke fesa wa tumatir da rani, ruwan farko na damina ke tafiya da shi. Ga zafin ranarmu kuma. Me zai saura a ƙasa?

Malamin gona: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ya danganta da maganin. Fiya-fiya, wato DDVP, kwanaki kaɗan yake yi a ƙasa mai danshi ya lalace. Maganin ƙwari na DDT kuwa yakan ɗauki shekara 2 zuwa 15 kafin rabinsa ya tafi, kuma abin da yake rikiɗa ya zama, DDE, ya fi shi jimawa. Ba ya narkewa a ruwa, manne wa laka da ruɓaɓɓen taki yake yi. Abin da ke cinye magani a ƙasa ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, su kuma sai da danshi suke aiki. Rana iyakarta saman ƙasa.

Mai tumatir: To ai DDT an daɗe da hana shi a noma, Malam.

Malamin gona: Hani ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga ƙasa. A tsibiran Martinik da Gwadalup na Faransa, da ke yankin Karebiyan, an yi amfani da wani maganin ƙwari mai suna chlordecone a gonakin ayaba daga 1972 zuwa 1993. Har yau yana cikin ƙasarsu, yana shiga doya da dankali, an ma hana kamun kifi a wasu gaɓoɓin tekunsu.

Hajiya mai albasa: Alhaji, ko da ruwan ya wanke, ina yake kai shi? Magunguna irin su imidacloprid masu narkewa a ruwa, gangarawa suke yi cikin rafi da rijiyoyin fadama. Ni abin da ke damuna yaran da ke wanke injin feshi a bakin ramin ban-ruwa, su jefar da kwalaben a nan. Ramin nan shi ake shayar da awaki da shi.

Mai tumatir: Wannan kam gaskiya ne, Hajiya, zan hana nawa yaran. Amma maganar ƙasa ban sauka ba. Ƙasar ayabarsu daban, tamu jigawa ce.

Malamin gona: Jigawa ba ta riƙe magani sosai, na yarda, shi ya sa yake saurin kaiwa ruwan ƙasa. Amma tumatir ɗinka a fadama yake, Alhaji, kuma fadama laka ce.