Inji bai kore ni ba, amma ya hana ni ɗaukar yara: kowa ya faɗi abin da ya gani

Telan Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar zangon Kumasi. Ina so kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa a sana'arsa game da injuna da wayoyin nan da ke cinye aikin mutane. Bari in fara da nawa.

Aikin wuya na koya, na hannu da na keke. A da, in azumi ya kai goma, ba wurin sa ƙafa a shagona. Wani na zana aska a kan shadda, wani na juya hannun keken surfani ta ƙarƙashin tebur, ƙanana na tsinke zare suna guga. Yanzu in na yanka riga sai in aika da gabanta wurin mai injin kwamfuta a Alabar. Ya sa filash, ya zaɓi zane a allo, ya ɗaure yadin, kawunan injin su kama aiki a tare. Abin da ke cin yaro kwanaki, kafin la'asar an dawo min da shi, ba karkata, ba tsallen zare.

Ciniki bai ragu ba, alhamdu lillahi. Abin da ke hana ni barci daban ne. Bayan babbar sallah wata baiwar Allah ta kawo min ɗanta, da goro da kiret ɗin lemo kamar yadda aka saba, ta ce in riƙe shi ya koyi aiki. Na ba ta haƙuri. Aikin da yaro ke fara koyo da shi, shi ne injin ya ɗauke. Ta tashi ta kama hannunsa ba ta ce komai ba.

Ɗana da ke karatu a jami'ar KNUST ya ce a wasu ƙasashe ana shawarar gwamnati ta riƙa ba kowane ɗan ƙasa wani kuɗi duk wata, mai aiki da marar aiki, ba sharaɗi. Wanda ya san zancen ya yi mana bayani.

Hajiya mai susu:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ta waya abin ya zo min. Shekaru na yi ina zagaya kasuwar Kejetia da jakata da katuna ina karɓar susu, wato ajiyar kuɗi ta kullum. Kowace mata ta ba ni abin da ta iya, in sa alama a gidan ranar, ƙarshen wata in mayar mata da kuɗinta in riƙe na kwana ɗaya ladan wahalata. MoMo, wato ajiya da tura kuɗi ta waya, ya shigo Ghana a 2009, amma bai taɓa mu sosai ba sai bayan 2018, lokacin da aka haɗa layukan har mutum ya iya tura kuɗi daga wannan kamfani zuwa wancan. Daga nan 'yan matan kasuwa suka fara cewa, Mma, a waya nake ajiyewa yanzu.

Na buɗe rumfar MoMo ni ma. Da aka sa harajin tura kuɗi a 2022 mutane sun ɗan koma riƙe tsaba, aka soke shi a 2025 suka dawo. Amma yanzu mai saye yana biyan mai sayarwa kai tsaye daga wayarsa, ba ya biyowa ta rumfata. Kuma akwai abin da ya ɓace wanda ba a lissafa shi. Lokacin susu, in mace ta tsallake biya sau da yawa na san akwai matsala a gidanta, sai in tattara mata taimako a layin. Yau mace za ta karye a kasuwa ba wanda ya sani sai an ga ta daina fitowa.

Fitan Magazin:
Baaba Tela, abin da ka faɗa shi ne a wajenmu fitoci, wato makanikai, a Magazin, unguwar garejoji da ke Suame. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana ɗora sukurdireba a jikin inji ya kara kunnensa a ƙotar, ya gaya maka abin da ke damun motar. Motocin yanzu kuwa sai ka soka na'ura a ƙarƙashin sitiyari ta rubuto maka lambar ciwon. Yaro ɗan shekara ashirin da biyar mai laftof yana karɓar kuɗi don sokawar kawai, dattijon da ya tsufa a kan kabureta yana zaune a benci tun safe.

Ni na sayi na'urar na koya, don in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Amma a faɗi gaskiya: na iya ne saboda na yi boko har JHS, wato ƙaramar sakandare. Duk abin da take rubutowa da Turanci ne. Yaranmu da yawa makarantar allo suka yi, daga nan aka kawo su Magazin, kuma a da hakan ya isa mutum ya gina gida ya aurar da 'ya'yansa. Yanzu bai isa ba. Ga motocin lantarki sun fara shigowa, su ba canjin mai, ba fulogi, ba salansa. Ku lissafa mutum nawa ke cin abinci da waɗannan ukun a Magazin.

'Yar Asawase:
Ina gaida iyayena. Ni kashiya ce a wani banki a Adum, ta hannun kamfanin da ke ɗaukar ma'aikata ya ba banki haya. Mu ne aka sa muka riƙa zama da kwastoma muna sa masa manhajar bankin a waya, muna nuna masa yadda zai tura kuɗi ba sai ya zo ba. Layi ya ragu, aka rufe tagogi biyu, kwantiraginmu ya ƙare ba a sabunta ba. Na koma rubuta hirarrakin murya a intanet ana biyana da dala. Shi ma ya yi ƙasa, saboda manhaja ce ke rubutawa yanzu, mutum gyara kawai yake yi a kan kuɗi kaɗan.

Baaba, zancen ɗanka gaskiya ne, an gwada. A Finland, 2017 zuwa 2018, an ba marasa aiki 2,000 Yuro 560 duk wata ba sharaɗi. Ba su daina neman aiki ba, kuma sun fi sauran samun kwanciyar hankali. A Kenya ƙungiyar GiveDirectly tana ba manyan wasu ƙauyuka kusan dala 22 a wata ta waya, na tsawon shekara 12. Abin da aka gani shi ne mutane ba su kwanta ba, da yawa sun bar aikin lada sun buɗe nasu ƙaramin kasuwanci. Na yarda da wannan don na ɗanɗana. Watannin da na zauna, da ina da tabbacin kuɗin haya da na abinci, da na shiga koyon wani abu. Maimakon haka duk tunanina yana kan gobe.

Malamin lissafi, Tafo:
'Yata, ban ƙi ta taki ba, amma mu ɗauki alƙalami. Ƙidayar 2021 ta ce mu miliyan 30.8 ne. A ba kowa sidi 100 kacal a wata, wanda bai kai cefanen mako ba, ya haura sidi biliyan 3 duk wata, kusan biliyan 37 a shekara. Ƙasar da a 2022 ta je IMF, asusun ba da lamuni na duniya, neman dala biliyan 3, ina za ta samo? Na Kenya kuɗin masu ba da taimako ne daga waje. Suwizalan da ke da arzikin ma ta kaɗa ƙuri'a a 2016 ta ƙi.

Abin da muke da shi a hannu shi ne LEAP, tallafin kuɗi na gwamnati, tun 2008, na tsofaffi da marayu da naƙasassu a gidajen da talauci ya yi wa katutu. A faɗaɗa shi, a biya a kan lokaci. Maƙwabtanmu Togo a 2020, lokacin korona, sun tura wa masu ƙananan sana'o'i kuɗi ta waya a shirin Novissi cikin ɗan lokaci, ke nan hanyar isar da kuɗin ba ita ce matsala ba. Sannan mu kanmu: zakkar attajiran zango da ake rabawa sidi ashirin ashirin a ƙofar gida, da an tara ta wuri guda da ta biya wa yara da dama kuɗin koyon na'urar da Fita yake magana.

Maman 'yan biyu:
Ni ban yi karatu ba, 'yata ce ke rubuta min. Burodi da ƙosai nake sayarwa a wurin karɓar kuɗin hanya, titin Kumasi zuwa Accra. Mota ta tsaya a layi, mu ruga da tire, hannu ya fito ta taga, kafin ta motsa an yi ciniki. A watan Nuwamba 2021 aka sanar an daina karɓar kuɗin, washegari motoci suka riƙa wucewa a guje. Masu karɓar kuɗin, da yawansu naƙasassu, suka koma gida, mu ma haka. Yanzu ana cewa in an dawo da shi na'ura ce za ta cire kuɗin, mota ba za ta tsaya ba. To mu da tsayawar muke ci. Malam, ni ban kai shekarun LEAP ba, 'ya'yana ba marayu ba ne. A lissafinka ina nake?

Malamin lissafi, Tafo:
Mma, ba kya ciki, kuma wannan giɓi ne babba. Irinku ne ya kamata a fara da su in za a faɗaɗa.

'Yar Asawase:
Shi ya sa masu wannan ra'ayi suke cewa a ba kowa, Malam. Da zarar an sa sharaɗi, akwai wadda za ta faɗo ta tsakiya, kuma galibi mace ce mai talla wadda sunanta ba ya cikin kowace takarda.

Fitan Magazin:
Kafin gwamnati ta yanke nata, ga abin da zan iya. Ina da wurin yara biyu a garejina, zan koya musu na'urar ba tare da kuɗin shiga ba, amma sai sun iya karanta abin da take rubutowa. Ƙanwata 'Yar Asawase, in za ki iya ɗaukarsu karatun Turanci da yamma bayan la'asar, ni zan biya miki kuɗin mota. Masu yara su yi min magana ta akwatin sirri.

'Yar Asawase:
Na amince, Yaya. Asabar da Lahadi sun fi min. A samo mana aji a wata makarantar Islamiyya da ke kusa, ni zan zo da allo da alli.