Injin jirgin feshi ya mutu a tsakiyar gona: me matuƙi zai fara yi?

Ɗan_Fadama: Salamu alaikum manya. Jirgin feshi yana tafiya mita 3 ko 4 kacal sama da shuka. In inji ya ɗauke a nan, akwai lokacin sake tayar da shi, ko saukar dole ce kawai?

Kyaftin_Feshi: Wa alaikumus salam ƙanena. Babu lokacin. Daƙiƙoƙi kaɗan ke hannunka, kuma abu na farko shi ne jan hannun ƙofar zubar da magani. Tankin maganin jirgin feshi samfurin Air Tractor AT-502 galan 500 ne, kusan lita 1,900, wato nauyin da ya doshi tan 2. Da ka zubar, hancin jirgi zai ɗaga da kansa, sai ka tare shi da sandar tuƙi. Gudun da ya rage ka ɗan hau sama da shi don ka ga gabanka, sannan ka sunkuyar da hanci kafin fiffike ya daina ɗaukar jirgin. Kada ka juya don neman filin da ka taso. Juyawa a ƙasa-ƙasa ba inji ita ke kashe matuƙa. Zaɓi abin da ke gabanka, ka bi tsawon kunya, kada ka gicciye ta, don in tayoyin gaba suka cije jirgin kifewa yake. In jirgin mai injin PT6 ne, irin na AT-502, ka miƙar da fuka-fukan farfela su daina tare iska. Rufe mai, kashe wutar lantarki kafin taɓa ƙasa.

Injiniya_Hanga: Ranka ya daɗe Kyaftin, bari in ƙara daga ɓangarenmu. Sau da yawa laifin na mai ne, ba na inji ba. Man da aka zuba daga ganga a filin daji yakan zo da ruwa da tsatsa. A tsiyayi mai daga ƙasan kowane tanki da matata kowace safiya, da bayan kowane shan mai. A man jirgi na Jet A-1 ido ba ya isa ganin ruwa, a yi amfani da ƙwayar gwajin ruwa. In mai ya yi ƙasa kuma, juyin ƙarshen layi marar daidaito yana karkatar da shi daga bakin bututu, inji ya sha iska alhali akwai saura a tanki. Masu jirgin Piper Pawnee mai injin Lycoming O-540 su kula da kafireta: tana yin ƙanƙara a safiyar damina mai laima, ko da ana zafi.

Hajiya_Agro: A feshin jan baki da ake yi da magariba, tsuntsayen kansu suna toshe mashigar iska. Bayan sauka kuma a fita ta inda iska ke tasowa. Fenthion, maganin da ake fesa wa jan baki, yana shiga ta fata, don haka a tuɓe kayan da suka jiƙe, a wanke jiki da sabulu, a gaya wa likita sunan maganin don ya tanadi atropine, allurar da ke karya dafinsa. Manoma da yara kada su matso.

Ɗan_Fadama: Na gode iyayen gida. Injiniya, gangar da aka sauke daga mota, nan take ake ɗiba ko sai ta kwanta?

Injiniya_Hanga: Sai ta kwanta. Ka ɗan jingine ta, bakin famfo kuma kada ya kai gindinta.