Dan Allah a ba ni shawara: wace wayewa ce ta fi tsufa cikin waɗanda har yau suke raye?

Maman Ilham: Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Ni malama ce a wata sakandare nan Tudun Wada, tarihi nake koyarwa, to an gayyace mu gasar muhawara ta makarantu sati mai zuwa kuma ni aka ɗora wa shirya yara. Abin da aka ba mu shi ne wace wayewa ce mafi daɗewa a duniya cikin waɗanda ba su mutu ba, kowace makaranta za ta zaɓi ɗaya ta kare. Yaran sun rabu gida biyu, shugabar tawagar ta kafe kan Masar saboda dala da Fir'auna, na biyunta ya ce ƙasar Sin, sai kuma wani abokin aikina ya ce me zai kai mu waje ga tsohuwar al'adar Nok a jiharmu ta Kaduna. Ni dai ba na son in ɗora yara kan maganar da alƙali mai ilimi zai rusa da tambaya ɗaya, kuma ba na son in koya musu abin da ba gaskiya ba don kawai a ci kofi. Masana a taimaka.

Baban Sadik, Malali: Wa alaikumus salam Malama. Tambayar nan guda biyu ce aka haɗe, wa ya riga, da kuma wa ya rage. In wa ya riga ne ai Sumeriyawa ne a kudancin Iraki, birninsu Uruk yana da rubutu tun wajen 3200 kafin haihuwar Annabi Isa, amma yau ba mai jin yarensu a matsayin harshen uwa, sun fita daga lissafinki. Saboda haka kafin yaranki su ambaci sunan wata ƙasa su fara faɗin ma'aunin da za su yi awo da shi. Wanda aka fi sani shi ne na masanin kayan tarihi Gordon Childe da ya fitar a 1950, ya jera alamomi 10, cikinsu akwai manyan birane, mutanen da sana'a kawai suke yi ba noma ba, haraji, manyan gine-gine, fatauci mai nisa da rubutu. Duk wanda ya kafa ma'auni a minti na farko shi ke jan muhawarar.

Ɗan Rigasa: Ni dai ina bayan yarinyar, Masar kawai. An haɗe ta ƙasa ɗaya tun wajen 3100 kafin miladiyya, babbar dalar Giza tun wajen 2560, lokacin Sin ba su fara rubutu ba ma. Kuma wa ya ce sun mutu? Mutanen suna nan a bakin Nilu, Kibɗawa har yau suna ibada a coci da yaren da ya gangaro daga na Fir'aunoni, manomansu suna lissafin shuka da tsoffin watanninsu.

Anti Barnawa: Ƙanina maganarka tana da nauyi amma a nan ne daidai za a kayar da yaran. Rubutun zanen nan na tsohuwar Masar, na ƙarshe da aka sani an sassaƙa shi ne a 394 miladiyya a tsibirin Philae, daga nan aka yi shekara sama da 1400 babu mutum ɗaya a Masar ko wajenta da zai iya karanta abin da kakanninsu suka rubuta a bango, sai da wani Bafaranshe Champollion ya warware shi a 1822. Addinin ya tafi, sarautar ta tafi, bayan Amr bn al-As ya ci ƙasar wajen 641 a hankali Larabci ya zama harshen jama'a. Alƙali zai tambayi yarinyar, in Bamasare na yau ba zai iya karanta kakansa ba kuma ba ya bin abin da yake bi, me ya rage a raye ban da jini da kogi?

Yanzu ki duba Sin. Mafi tsufan rubutunsu da aka samu na daular Shang ne, wajen 1250 kafin miladiyya, a kan ƙasusuwan shanu da ƙoƙon kunkuru da ake duba da su, an haƙo su da yawa a Anyang. Da aka gano su a 1899 malaman Sin da kansu suka fara gane wasu haruffan, don rubutun da suke yi yau jikan wancan ne, ya canza kama amma igiyar ba ta taɓa tsinkewa ba. Confucius, babban malamin hikimarsu, an haife shi 551 kafin miladiyya kuma har gobe ɗan makaranta a can yana haddace maganganunsa. Malama in so kike yara su tsaya a inda ba za a ture su ba, Sin za ki ɗauka, amma su faɗa da bakinsu cewa Masar ta girme ta, hujjarsu rashin yankewa ce ba riga zuwa ba.

Abu Hanif: Anti to in aka ce musu ai baƙi irin su Mongol sun mulki Sin, Manchu ma sun mulke ta daga 1644 har 1912 fa?

Anti Barnawa: Sai su ce haka ne, amma masu mulkin ne suka dawo suna gudanar da ƙasa da rubutun Sin da ma'aikatan Sin, Manchu har jarrabawar ɗaukar ma'aikata ta littattafan Confucius suka riƙe. Sarki ya canza, makaranta ba ta canza ba. Gara ma yaran su kawo wannan da kansu kafin a jefo musu.

Ɗan Kwoi: Malama ni ɗan Jaba ne, ƙauyen Nok ba nisa da gidanmu, kuma ba wanda ya kai ni son a ji sunansa a dandali. Abin alfahari ne na gaske, tun 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da mutum-mutumin yumɓu, masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya haɗa labarin a shekarun 1940, daga baya masu bincike daga jami'ar Frankfurt suka kai farkon al'adar wajen 1500 kafin miladiyya, ga kuma murhun narkar da ƙarfe a Taruga da ke cikin mafi tsufa a Afirka ta yamma. Amma gaskiya ɗaya ce, al'adar ta ɓace wajen farkon miladiyya, sunan ma na ƙauyen da aka fara tono su ne aka laƙaba musu, kuma bincike bai tabbatar da cewa ga ƙabilar da ta gaje su kai tsaye ba, har mu Ham, wato Jaba, da muke zaune a wurin. In kika sa yara su ce Nok tana raye za su faɗi. Abin da nake roƙo, su ambace ta a matsayin misalin cewa tsufa daban, wanzuwa daban, ko ba komai ɗakin ya ji cewa a jihar nan an yi gwanayen da duniya ke nazari.

Malam na Unguwar Sanusi: Allah ya saka wa kowa. Ni inda nake da ja shi ne mayar da rubutu sharaɗi. Inka a kudancin Amurka sun yi daula da hanyoyi da haraji ba su da haruffa, da ƙullin igiya suke lissafi, za mu ce ba su waye ba? Irin wannan ma'aunin ne aka daɗe ana amfani da shi ana cewa Afirka ba ta da tarihi, bai kamata mu miƙa wa yaranmu shi ba tare da gargaɗi ba. Ibn Khaldun tun 1377 a Muƙaddima ya kalli abin ta fuskar zaman tare, yadda jama'a ke tashi daga rayuwar ƙauye da kiwo zuwa ta birni da sana'o'i da ilimi, kuma bai fitar da mutanen daji daga lissafin ba. In kuma aka yarda baki ma yana adana ilimi to Indiya ta shigo da ƙarfi, don waƙoƙin Rigveda sun haura shekara 3000 kuma ta hadda aka riƙe su daga malami zuwa ɗalibi, kamar yadda alarammominmu ke riƙe Alƙur'ani da ka, har yau ana karanta su a ibadarsu. Biranen Harappa da Mohenjo-daro na Pakistan ta yanzu sun fi haka tsufa, wajen 2600 kafin miladiyya, sai dai rubutunsu har yau ba a warware shi ba shi ya sa haɗa su da Indiyar yau yake da gardama. In ma aka cire sharaɗin birni gaba ɗaya, 'yan asalin Ostareliya da suka haura shekara 50,000 a ƙasarsu sun wuce kowa.

Baban Sadik: Malam gaskiya ne, shi ya sa na ce ma'auni a farko. Makarantar da ta ɗauki Indiya ita ce abokiyar karawar da za a ji tsoro, ba Masar ba.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Sin za mu kare. Mai buɗewa za ta ce ma'auninmu shi ne al'ummar da ta yi birane da hukuma kuma 'ya'yanta na yau suna karanta magabatansu ta igiyar rubutu ɗaya, za ta kuma faɗa a fili cewa wannan ma'aunin gasa ne, ba hukunci ba ne kan wanda ya waye da wanda bai waye ba, kamar yadda Malam ya ja hankali. Yarinyar da ke son Masar ita zan ba wa raddi tunda ta fi kowa sanin hujjojinsu, Nok kuma za ta shigo yadda Ɗan Kwoi ya ce. Abin da ya rage min shi ne Indiya. Malam, Anti, in suka ce hadda ma igiya ce da ba ta tsinke ba kuma tasu ta kai ta Sin tsufa ko ta fi, me yarana za su ce? Jibi muke gwaji, dan Allah kar ku bar ni.