Al'ada ta kai kwana 13 ba ta ɗauke ba, kuma babu inshora: daga ina za a fara?

Maman Nana, Garin Malam:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tambaya gare ni a kan ƙanwata, shekararta 34, haihuwa huɗu. Al'adarta kwana biyar zuwa shida take yi, amma wannan karon yau kwana 13 jinin bai ɗauke ba, wani lokaci har da gudaji. Ta fara ganin jiri in ta miƙe tsaye. Mijinta ɗan kabu-kabu ne, ba albashi ba inshora. Wasu sun ce ta jira kwana 15 su cika, wasu sun ce a wuce kilinik a yi eko, wato hoton ciki, kawai. Don Allah masu sani, me ya kamata a fara yi, kuma ina ne kuɗin ba za su fi ƙarfinmu ba a nan Damagaram?

Sajifam Zango:

Wa alaikumus salam Maman Nana. Kada ta jira kwana 15. Wannan lissafin na sallah da azumi ne, jiki bai san da shi ba. A aikinmu na ungozoma, al'adar da ta wuce kwana 8 ta yi tsawo, jirin nan kuma alama ce jininta ya fara ƙaranci. Gobe da sassafe ta tafi CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati na unguwarku.

Akwai dai abubuwan da ba a kwana da su a gida. In tana jiƙa audugar mata sharkaf cikin awa ɗaya, har awa biyu a jere. In gudajin sun fi ƙwandalar dala ashirin faɗi. In ta suma, ko zuciyarta na bugawa da sauri alhali tana zaune. In mara ta murɗa mata da ƙarfi ta gefe ɗaya. Ko zazzaɓi ya haɗu da jini mai wari. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a ɗauke ta zuwa asibitin uwa da yara, wato CSME, ko da tsakar dare ne.

Batun eko kuwa, nan ne kuɗin talaka suke yawan salwanta. Awon farko shi ne na ciki, na fitsari, kuma shi ya fi kowane arha. A yi shi ko da ta rantse ba ta da ciki, ko tana shayarwa, ko tana tazarar haihuwa. Ɓarin da bai gama fita ba da cikin da ya zauna a wajen mahaifa duk suna zuwa da kamar al'ada mai tsawo, na biyun kuma yana iya fashewa ya kashe mace cikin ƴan awoyi. Na biyu awon yawan jini. Ga macen da ba ta da ciki, ƙasa da 12 ƙarancin jini ne, ƙasa da 8 ya yi tsanani. Na uku a duba bakin mahaifa da ƙarfen dubawa. Mata da yawa kunya ke hana su wannan, to ta ce mace take so ta duba ta, haƙƙinta ne, kuma jinin da ke zuba ba ya hana dubawar. Eko ba ya faɗin jinin da ya rage mata a jiki, kuma ciwon bakin mahaifa ido ya fi shi ganinsa. Sai bayan waɗannan uku, in ma'aikaciya ta ga dalili, kamar ta taɓa mara ta ji mahaifa ta yi girma tana zargin ƙari, sannan ta rubuta eko. Ranar yinsa ta sha ruwa kamar lita ɗaya awa ɗaya kafin lokacin, kada ta yi fitsari, don in mafitsara ba ta cika ba hoton ba ya fita sosai, sai a ce ta sake dawowa.

Ki tambaye ta ko tana allurar tazarar haihuwa, ko an sa mata ashanar hannu ko robar mahaifa. Amsar tana canza komai.

Malam Ɗan Birni:

Hajiya Sajifam ta yi gaskiya, ga ƙari ta fuskar fiƙihu. A Malikiyya kwana 15 iyaka ce ta ƙarshe. Macen da ta san kwanakin al'adarta, kwana uku take ƙarawa a kan mafi tsawonsu. Ƙanwarki mai kwana shida, in ta kai tara ta yi wanka ta ci gaba da sallarta, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne. Tun da sunansa jinin ciwo, ai magani yake nema.

Mai Farmasi:

Yaya Maman Nana, roƙona ɗaya: kada ku sayi haɗin ƙwayoyi wajen masu tallar magani a tire. Ana yawan samun asfirin a ciki, shi kuwa tsinka jini yake, zubar ta ƙaru.

Maganin da aka fi rubutawa don rage zuba shi ne tranexamic acid, wanda aka sani da sunan Exacyl. Ƙwayar tana zuwa 500 mg, ana shan biyu sau uku a rana, kwana uku zuwa biyar, a kwanakin zubar kawai. Ba a ba wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, kuma rage zuba kawai yake, ba ya cire sanadin. Ibuprofen 400 mg sau uku bayan cin abinci yana rage jini da ciwon mara, amma ban da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, da wadda ba a tabbatar ba ta da ciki ba. Shi ya sa awo yake gaba da magani.

Wajen maido da jini, ƙwayar fer da folik, irin wadda ake ba masu ciki wajen awo, ita ce ta gaskiya kuma ita ce mai arha. Kwalaben siro masu kwali mai ƙyalli sun ninka ta kuɗi, ba su fi ta aiki ba. Ta sha da ruwa ko da lemun tsami, kada ta haɗa da shayi ko madara ko fura da nono, a raba su da kamar awa biyu, don suna hana jiki ɗaukar sinadarin. Bayan gida zai yi baƙi, wani lokaci ciki ya ɗaure, ba abin tsoro ba ne. Kuskuren da ake yi shi ne dainawa da zarar jiri ya tafi, alhali ana ci gaba har wata uku bayan jinin ya daidaita. A ɓoye ta nesa da yara, tana yi musu mummunar illa in sun haɗiye da yawa. Hanta, nama, wake da zogale suna taimakawa, amma ba sa maye gurbin ƙwayar.

In an ba ku ardanas, wato takardar magani, ku ce jenerik kuke so, wato maganin iri ɗaya marar sunan kamfani, ku fara duba farmasin cikin asibitin ko farmasin gwamnati kafin na ƴan kasuwa.

Abdu na Sabon Gari:

Ta ɓangaren kuɗi, Hajiya, ku bi matakala. Ku fara da CSI, in abin ya fi ƙarfinsu su ba ku takardar turawa zuwa CSME ko babban asibitin ƙasa na Zinder. Tun 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin ganin likita, awo da kwanciya a asibitocinta, rangwamen bai shafi kilinik masu zaman kansu ba. Tazarar haihuwa kuma tana cikin abubuwan da aka mayar kyauta tun 2006, tare da awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5, sai dai magani yakan yanke a wani lokaci a ce ku saya a waje.

Ku biya a gishe, wato wurin karɓar kuɗi na asibitin, kawai, ku karɓi rasi. In aka rubuta aiki ko kwanciyar da ba za ku iya ba, ku nemi ofishin sabis sosiyal na asibitin, mai taimakon marasa hali, tun kafin a fara, ba bayan an tara bashi ba. Suna iya neman takardar shaidar rashin hali daga ofishin magajin gari. In kuma ana maganar ƙarin jini, ku shirya maza biyu ko uku masu lafiya cikin dangi da za su bayar.

Maman Nana, Garin Malam:

Allah ya saka muku da alheri. An je CSI. Ba ciki, jininta 9, bakin mahaifa lafiya. Ashe allurar wata uku take yi, ta biyu aka yi mata watan jiya. Mijin ya ce a cire allurar.

Sajifam Zango:

Alhamdu lillahi da ba ciki ba ne. Ki gaya wa maigidan allura ba ta ciruwa, ta riga ta shiga jiki, sai ta cinye watanninta uku. Zubar jini mai tsawo sananniya ce a watannin farko na allurar, domin tana sa fatar cikin mahaifa ta yi siriri tana tsattsafo da jini. Yawanci yana lafawa, mata da yawa ma bayan shekara al'adar ɗaukewa take gaba ɗaya. Amma jini 9 ba na zuba ido ba ne.

Ta koma sashen da aka yi mata allurar da katinta a hannu. Za su iya ba ta mefenamic acid 500 mg sau biyu a rana bayan abinci na kwana 5, ko ƙwayar tazara mai sinadari biyu, ɗaya kullum na kwana 21. Kafin a ba ta ƙwayar tazarar dole a auna hawan jininta, a tambaye ta ciwon kai na ɓari ɗaya mai zuwa da walƙiya a ido, da ko tana shayar da jariri ɗan ƙasa da wata shida, don masu waɗannan ba a ba su ita. Ta fara fer yau, a sake awon jini bayan wata ɗaya.

Ta riƙa rubuta ranar da jini ya zo, ranar da ya ɗauke, da audugar da ta canza kowace rana. In an gama maganin bai tsaya ba, ko tana ganin jini bayan kwanciya da miji, kada a ci gaba da ɗora wa allura laifi, lokacin eko ya yi. In kuma ta ga ba za ta iya da allurar ba, ta faɗa musu kafin ranar allura ta uku ta zo, a zaɓa mata wata hanyar tun ba a samu giɓi ba, domin ɗaukar ciki da jini 9 haɗari ne gare ta da abin da ke cikin.