Wa ya taɓa zuwa Iskandariyya? Ina neman shawara

Dan_Azhar: Salam 'yan uwa. Mun gama jarabawa, ni da abokaina biyu muna so mu bar Alkahira mu je Iskandariyya kwana biyu mu ga teku, don wallahi ni tunda nake ban taɓa ganin teku ido da ido ba sai a waya. Ina ya kamata mu fara?

Abu_Hanan: Wa alaikumus salam ƙanena. Ku hau jirgin ƙasa a tashar Ramsis, awa biyu da rabi zuwa uku kun isa. Ku fara da Ƙal'ar Ƙaitbay, wato tsohon ginin tsaro na bakin teku, Sultan Ƙaitbay ne ya gina ta a 1477 a daidai inda tsohuwar hasumiyar nan mai haska wa jiragen ruwa hanya take kafin girgizar ƙasa ta rushe ta, idan ka hau sama ruwa ne ta ko'ina ga iska kamar za ta ɗauke maka hula. Daga nan da ƙafa ma za ku iya takawa zuwa masallacin Mursi Abul Abbas, kuma kusa da shi akwai masallacin Imam Busiri mai Burda, kabarinsa na ciki. Ni dai nan ne ya fi taɓa min zuciya, abin da muke ji ana rerawa a Maulidi tun muna yara sai ga ka tsaye inda yake kwance. Kar ku manta katin ɗalibi, ana rage kuɗin shiga Ƙal'ar.

Ummu_Sadiq: Ku je laburaren nan babba da aka buɗe a 2002, a bakin Kornish yake, wato babban titin da ya bi bakin teku. Sai lambun Muntaza da yamma. Amma maganar wanka a teku lokacin zafi kam a'a, duk mutanen Alkahira can suke kwararowa, ko wurin aje takalmi ba ka samu.

Dan_Azhar: To Anti ina ake samun ruwa mai kyau?

Ummu_Sadiq: Sai kun ƙara gaba yamma zuwa Marsa Matruh, amma kusan kilomita 300 ne, kwana biyu ba zai ishe ku ba.

Abu_Hanan: Ku bar Matruh sai wani zuwan. Ku ci kifi a unguwar Bahari, amma ku yi ciniki tun kafin a ɗora shi a wuta, ni an taɓa yi min.