Ƙuri'ar da aka zaɓi Matiyas da ita: duba ce ko raba gardama?

Malam Haruna: Jama'a, ina da wata magana da nake so a warware mini. A babi na 1 na littafin Ayyukan Manzanni da ke cikin Sabon Alkawari, bayan mutuwar Yahuza Iskariyoti, mabiyan Yesu kimanin 120 sun taru a Urushalima, suka tsayar da mutum biyu, Yusufu Barsaba da Matiyas, don ɗayansu ya maye gurbin Yahuza cikin manzanni goma sha biyu, suka yi addu'a, sannan suka jefa ƙuri'a, ta faɗa kan Matiyas. A ganina wannan duba ne aka sa masa rigar addini, domin Attaura da kanta, a Maimaitawar Shari'a babi na 18, ta haramta duba da sihiri, kuma ban ga abin da ya raba mai jefa tsakuwa don sanin nufin Allah da mai bugun ƙasa ba.

Malama Rifkatu: Malam Haruna, ka tsallake abin da ya faru kafin a jefa ƙuri'ar, alhali nan ne kan maganar take. Manzo Bitrus ya fara gindaya sharaɗi cewa wanda za a zaɓa dole ya kasance ya bi su tun daga baftismar Yahaya har ranar da aka ɗauke Yesu, kuma da wannan ma'auni aka tace jama'a har aka rage mutum biyu. Saboda haka hankali ya gama aikinsa tukuna, ƙuri'a ta shigo ne a inda mutanen biyu suka yi kunnen doki. Mai bugun ƙasa yana da'awar sanin gaibu, su kuwa waɗannan sun yarda ne cewa ba su san zukatan mutane ba.

Baba Ishaya: 'Yata Rifkatu ta yi gaskiya, kuma abin da manzannin suka yi gādo ne suka tarar. A Ranar Kafara babban firist yakan jefa ƙuri'a a kan bunsuru biyu, ɗaya na Ubangiji, ɗaya na Azazel wanda ake kora jeji, kamar yadda Littafin Firistoci babi na 16 ya umarta. Joshuwa ya raba wa kabilu bakwai gādonsu na ƙasa da ƙuri'a a Shilo, an tsara ƙungiyoyin firistoci 24 da ita, kuma da ita ce Zakariya mahaifin Yahaya ya sami shiga Haikali ya ƙona turare. Abin da ya fi burge ni shi ne labarin da Mishna ta kawo, wato kundin malaman Yahudawa da aka tattara wajen shekara ta 200. Da farko firistoci tsere suke yi a kan hawan bagade don samun aikin kwashe toka, har wata rana wani ya ture ɗan'uwansa ya faɗi ya karye a ƙafa, daga nan aka yanke cewa sai da ƙuri'a. To, wane gaibu ake nema a wajen kwashe toka? Rigima ake kashewa, kuma Littafin Karin Magana 18:18 ya faɗi haka ƙarara, cewa ƙuri'a tana yanke gardama tsakanin ƙarfafa.

Malam Haruna: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ka zaɓo misalan da suka yi maka daɗi ne kawai. Ina za mu kai labarin Saul da ɗansa Jonatan a 1 Sama'ila babi na 14, inda aka jefa ƙuri'a don a gano wanda ya karya rantsuwar azumi, ta kuma nuna Jonatan da ya ɗanɗani zuma? Ina za mu kai matuƙan jirgin da suka jefa ta don su san dalilin hadarin teku, ta faɗa kan Annabi Yunusa? A nan ba rabon aiki ake yi ba, ɓoyayyen laifi ake tonowa, kuma wannan shi ne ainihin abin da mutane ke zuwa wajen mai duba dominsa.

Malama Rifkatu: Wannan hujja tana da nauyi, kuma ba zan yi musunta ba. Isra'ilawan dā sun ɗauki ƙuri'a a matsayin hanyar da Allah yake bayyana hukuncinsa, kamar yadda Karin Magana 16:33 ta nuna. Sai dai ka lura cewa a labaran biyu ba a tsaya ga ƙuri'ar kaɗai ba, domin an tambayi Jonatan da Yunusa, kowannensu ya amsa da bakinsa. A na Jonatan ma jama'a sun tashi sun hana mahaifinsa kashe shi, duk da cewa ƙuri'a ta nuna shi.

Malam Sani: Ku ba ni dama in sa baki a matsayina na Musulmi, domin bambancin da kuke ta kewayawa sananne ne a wajenmu. Suratul Ma'ida ta haramta azlam, wato kiban da Larabawan jahiliyya suke neman rabo da su, amma Suratu Ali Imrana, aya ta 44, ta ambaci yadda aka jefa alƙaluma don sanin wanda zai ɗauki renon Maryam, kuma ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Malaman fiƙihu sun halatta ta ne a inda haƙƙoƙi suka yi daidai. Wani abin lura kuma, mu Hausawa mun ɗauki wannan kalma mun ɗora wa zaɓe, har muna cewa an kaɗa ƙuri'a, alhali a asalinta ana yin ta ne don a cire son ran mutum daga cikin lamari.

Malam Haruna: Na ji, Malam Sani. Amma idan hanyar tana da kyau haka, me ya sa Kiristocin farko suka watsar da ita? Bayan Matiyas, Sabon Alkawari bai sake ambatar wani zaɓe da ƙuri'a ba, kuma a babi na 6 na Ayyukan Manzanni jama'a ce ta zaɓi mutum bakwai, Istifanus na cikinsu, manzanni suka ɗora musu hannu. Yohana Kirisostom, babban mai wa'azin Antakiya, ya ce sun yi ƙuri'ar ne don Ruhu Mai Tsarki bai riga ya sauko ba.

Baba Ishaya: Ɗana, ba a watsar da ita gaba ɗaya ba, an dai ja mata iyaka. Majalisar bishop-bishop da ta zauna a Agde, da ke ƙasar Faransa ta yau, a shekara ta 506 ta hana abin da ake kira ƙuri'ar tsarkaka, wato neman sanin abin da zai faru ta wannan hanya, kuma wannan ita ce irin wadda kake tsoro. Amma Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya ba da shawara a wata wasiƙa cewa idan abokan gaba suka matso, limaman coci kuma suka kasa daidaitawa kan wanda zai tsaya da wanda zai gudu, to su jefa ƙuri'a. Kibɗawan Masar ma, wato Kiristocin ƙasar, suna riƙe da tsarin Matiyas wajen zaɓen shugaban cocinsu har zamaninmu. A ranar 4 ga Nuwamba 2012, bayan masu zaɓe sun tace 'yan takara zuwa uku, an ɗaure wa wani yaro ido a babban cocin Markus da ke Alƙahira, ya zaro takarda mai ɗauke da sunan Tawadros na Biyu.

Malam Haruna: A kan Matiyas na sauko, domin na yarda cewa an tace kafin a jefa. A kan Jonatan kuwa ina nan a inda nake, saboda sauran ƙiris a kashe mutum a kan ɗanɗanon zuma, kuma abin da ya cece shi bakin jama'a ne.