A Ba Kamfani Kwangilar Bikin Yaye Ɗalibai, Ko a Bar wa Kwamitocin Ma'aikata?

Akanta: Assalamu alaikum. Ga wata magana da na san za ta sosa wa wasu rai. Tsarin da jami'o'i da kwalejojinmu ke bi, na kafa babban kwamitin bikin yaye ɗalibai sannan a yayyanka shi ƙanana, ya tsufa. Na wuri, na masauki, na abinci, na sufuri, na tsaro, na riguna, na ɗab'i, na tarbar baƙi, na lafiya, na yaɗa labarai, kowanne da shugaba da sakatare da kuɗin zama. Idan kasafinsu ya zo, sai ka ga kujeru sun fito a takardar kwamiti uku, man janareta a biyu. Bayan biki kuma a shafe watanni ana bin mutane su kawo rasit. A ganina a tallata aikin bisa dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, kamfanin shirya taro ɗaya ya ci, a ɗaure shi da yarjejeniya. Ya gaza, a riƙe kuɗinsa. Ma'aikaci fa in ya gaza, me za ka riƙe?

Hajiya ta ofishin rajistara: Wa alaikumus salam. Malam Akanta, ka fara lissafi daga rumfa da kujera, alhali bikin ba daga nan yake farawa ba. Daga jerin sunaye yake farawa, kuma jerin nan ba ya sayuwa. Sakamako yana tashi daga taron sashe, ya je taron tsangaya, ya bi ta kwamitin da ke tace takardu, sannan majalisar malaman jami'a ta amince. Sunan da bai bi wannan hanya ba bai isa ya shiga littafin biki ba, ko ɗan waye. Bayan amincewar ma da sauran aiki. Sunayenmu na Arewa suna da wuyar sha'ani a takarda: Muhammad, Mohammed, Muhammadu, duk mutum ɗaya ne a fayil uku. Ga wadda ta shigo da sunan mahaifi, ta yi aure a aji uku, yanzu tana so a buga na miji. Ga Aisha Muhammad har huɗu a sashe ɗaya, sai lambar rajista ce kaɗai ke raba su. Dole a gwada kowane suna da na takardar shiga da na JAMB, domin in ya saɓa, ɗalibin ne zai sha wahala wajen NYSC. Sai darajar digiri. Tsakanin maki 4.49 da 4.50 akwai daraja ta ɗaya da ta biyu, kuskuren layi ɗaya a wurin mai buga littafi ya isa ya sa iyali su taso daga Nguru da murna su koma da ɓacin rai. Shi ya sa ake karanta gwajin bugu sau uku: jami'in jarrabawa na sashe, sakataren tsangaya, sannan ofishin harkokin karatu, kowa ya sa hannu a kowane shafi. A rufe jerin sati uku kafin ranar, wanda ya zo bayan nan ya shiga takardar ƙari. Wane kamfani za ka miƙa wa wannan?

Akanta: Hajiya, ban ce a ba kamfani jerin sunaye ba. Wannan kwamiti ɗaya ne. Sauran tara fa?

Injiniya: Rabin maganarka gaskiya ce, Malam. Rumfa, kujeru, ado, lasifika, dama can haya ake yi, ba jami'ar da ke ajiye kujera dubu goma a sito. To amma ɗan kwangila bai san cikin makaranta ba. Bai san wace taransifoma ke ba filin taro wuta ba, bai san inda aka binne bututun ruwa ba sai ya kafa ƙarfen rumfa ya fasa shi. Ranar biki ba a dogara da wutar gari sam. Janareta biyu ake sawa, ɗaya na aiki ɗaya na jira a kunne, da mutum tsaye a kan makunnin sauya layi. Kayan sauti a ware musu layinsu daban da na fankoki da na'urorin sanyi, in ba haka ba duk lokacin da na'urar sanyi ta tashi sai lasifika ta yi gurnani. Janareta mai ƙarfin 100kVA in an ɗora masa kaya sosai yana shan kamar lita 20 a awa, a yi lissafin awa takwas ba biyar ba, saboda ana kunna shi tun kafin baƙi su iso. Kuma a gwada shi da cikakken kaya kwana biyu kafin ranar. Kunna shi babu kaya a ce lafiya lau, wannan ba gwaji ba ne. Duk wannan ma'aikacin sashen ayyuka ne zai tsaya a kai, ko da an ba da kwangila.

Dakta: Ni abin da ke ba ni mamaki, ana ta maganar kaya an manta da lokaci. A yi lissafi. Ɗalibi 3,000, kowane suna ya ci daƙiƙa shida kacal, awa biyar ke nan ba a yi jawabi ko ɗaya ba. Shi ya sa ake yaye su tsangaya-tsangaya: shugaban tsangaya ya miƙe ya gabatar da nasa, su tashi tsaye, uban jami'a ya furta kalmar ba da digiri, su zauna. Masu daraja ta ɗaya da masu digirin digirgir da masu kyaututtuka ne kawai ke hawa dandamali. Su kuma dole a zaunar da su bisa tsarin sunayensu a littafi, da lamba a manne a bayan kujera, da malami ɗaya a bakin kowane layi riƙe da jerin. Wanda bai zo ba a tsallake kujerarsa, a aika wa mai kiran suna tun da wuri. In ba a yi haka ba, mutum ɗaya ya yi fashi, duk na bayansa za su riƙa amsa sunan wani, kuma a gaban kyamara. Malamin da ya koyar da su shekara huɗu shi ya san fuskokinsu. Yaron kamfani mai ɗaure da kati a wuya bai san Bala da Bello ba.

Ga jerin gwano kuma. Malamai ke fara shiga bisa matsayi, ƙanana a gaba, sai shugabannin tsangayoyi, 'yan majalisar gudanarwa, manyan jami'ai, mai ɗauke da sandar girma yana gaban uban jami'a. Wajen fita a juya tsarin, manya su fara. Wanda bai yi gwajin wannan ana gobe ba, a filin da kansa, da mutanen da kansu, ranar zai ga farfesoshi suna neman kujera a kan dandamali.

Akanta: Dakta, Allah ya ƙara sani, amma gwajin nan nawa ne cikin manyan suke zuwa? Wakili suke turowa, ranar biki wakilin yana gida. Wannan shi ne abin da nake faɗa. Tsarin kwamiti ba ya hukunta kowa. Ana cusa mutum a kwamiti don kada ya ji an ware shi, ba don ya iya ba. Mutum ashirin a takarda, huɗu ke aikin, ashirin ke karɓar alawus. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Hajiya ta ofishin rajistara: Wannan kam ba na musu. Amma ciwon yawan mutane ne, maganinsa a rage su. Kowane ƙaramin kwamiti kada ya wuce mutum biyar zuwa bakwai, a rubuta wa kowa aikinsa da sunansa da ranar da zai kawo. Ba a ce "kwamitin sufuri zai ɗauko baƙo" ba, a ce wane zai ɗauko shi, da mota kaza, ƙarfe kaza.

Jami'in tsaro: Ranku ya daɗe, bari in sa baki. Ɓarnar ranar biki yawanci ba a cikin kwamiti take faruwa ba, a tsakanin kwamiti da kwamiti take. Masu ɗab'i su buga katin gayyata kala uku, ba su nuna wa masu gadin ƙofa ba, sai a tare mahaifin ɗalibar da ta fi kowa maki a waje. Masu tarbar baƙi su san gwamna zai zo da tawagar mota ashirin, mu ba mu sani ba. A jami'ar tarayya Shugaban Ƙasa ne ke da kujerar babban mai duba jami'a, a ta jiha kuma gwamna, ko su zo ko su turo wakili, kuma jami'an tsaronsu suna isowa tun kafin ranar su ce a sauya ƙofa ko a matsar da kujeru. Uban jami'a sau da yawa sarki ne, yana tafe da dogarai da fadawa da masu algaita, su ma sai an tanadar musu wuri kusa da shi, ba za ka ce da su ina katinku ba. Abin da ke aiki shi ne ƙofa uku daban: ta manyan baƙi, ta ɗalibai, ta iyaye. Motocin iyaye su tsaya nesa, bas ta riƙa jigila. A bar hanya ɗaya fayau saboda motar asibiti, kada ko babur ya tsaya a kai. Masu hoto da masu sayar da abinci a yi musu rajista a ba su gefe, don ko ka hana su za su shigo. Kamfani zai iya kawo ƙarti masu baƙar riga, amma 'yan sanda da DSS da jami'an kiyaye haɗurra da shugaban tsaron makaranta suke zama, ba da ɗan kwangila ba.

Sista: Ku ƙara da wannan. An rubuta baƙo biyu a kati, amma a ƙasar nan ɗalibi ɗaya mota guda ake cikowa. Ko a kan biyun aka tsaya, ɗalibi 3,000 da baƙinsu mutum 9,000 ne. Kowa ya sha leda biyu ta ruwa, leda 18,000, wato jaka 900 mai ɗauke da ashirin-ashirin. A watan Maris ko Afrilu a Kano ko Sakkwato zafi na haura digiri 40, ga baƙar riga mai kauri, ga yaro ya fito tun asuba bai karya ba. Faɗuwa kam za a yi. A kafa wurin taimakon gaggawa biyu, ɗaya a ɓangaren ɗalibai ɗaya a na iyaye, da gishirin haɗi na ORS da abin awon hawan jini da na sukari, saboda tsofaffi. A zaunar da masu juna biyu da masu lalura a bakin layi. Banɗaki kuma, wanda kowa ke mantawa, a sa masa ruwa da mai shara tun safe har a tashi.

Ma'ajin sito: Riguna ma ba ƙaramin aiki ba ne. Kaya uku ne: riga, hula, da ƙyallen wuya mai launin tsangaya. A fara rabawa kwana biyar kafin biki, tsangaya biyu a rana, sai mutum ya nuna shaidar biya ta Remita. A rubuta lambar kowace riga a gaban sunan wanda ya karɓa. Hula ce ke ɓata, domin ita ake jefawa sama. Abin da ke dawo da kaya shi ne a ɗaure karɓar takardar shaida da dawo da riga, kuma wannan sai sito da rajistara sun yi aiki da jeri ɗaya.

Akanta: To ai duk kun taimake ni ba ku sani ba. Ogan tsaro ya ce ɓarna a tsakanin kwamitoci take. Kamfani ɗaya ba shi da tsakani. Kuma ku duba halin da aka shiga: yajin aikin ASUU na 2020 ya ci kusan wata tara ga kullen korona, na 2022 ya ci wata takwas, makarantu da yawa suka koma haɗa yaye zango biyu ko uku a biki ɗaya. Ma'aikatan da aka saba da su a kan ɗalibi dubu uku ne za su ɗauki dubu goma, ofisoshi a rufe sati biyu, mai neman takardar sakamako ya yi ta zarya.

Hajiya ta ofishin rajistara: In an haɗa zango da yawa raba kwanaki ake yi, Malam. Masu difloma da digirin farko rana ɗaya ko biyu, manyan digirori da na girmamawa ranar ƙarshe, lacca a tsakani. A kauce wa lokacin sallar Juma'a, a duba azumi, a duba damina in a fili ne. Amma ga abin da ke karya tsarinka: rana ba a hannunmu take ba. Sai uban jami'a ya amince, sai an ji daga ofishin Shugaban Ƙasa ko na gwamna, sai waɗanda za a ba digirin girmamawa sun ce za su samu zuwa. Su kansu sai majalisar malamai da ta gudanarwa sun tantance su, kuma tun sanarwar Keffi ta 2012 shugabannin jami'o'i suka amince kada a ba mai riƙe da muƙamin siyasa. Ana iya ɗage biki saura kwana goma. Hazo ma kaɗai a watan Janairu ya isa ya hana jirgin babban baƙo sauka. Ma'aikaci ka ce masa an ɗage, ya gyara jadawalinsa. Kamfani ya kawo maka takardar ƙarin kuɗi.

Injiniya: Kuma kamfani ɗayan nan shi ma rarraba aikin zai yi wa masu rumfa da masu sauti da masu abinci, ya ɗora ribarsa a kai. Tsakanin yana nan, ka daina ganinsa ne kawai. Gara a raba kwangilar gida huɗu, wuri da kujeru, sauti da wuta, abinci, ɗab'i, kowanne da ma'aikaci ɗaya da zai sa hannu cewa an kawo kafin a biya. Sannan takarda ɗaya mai nuna abin da zai faru minti-minti, daga buɗe ƙofa har fitar jerin gwano, a hannun mutum ɗaya da ke da ikon cewa a yi ko a bari.

Akanta: Kwangila huɗu na yarda, in dai za a soke ba wa ma'aikaci tsabar kuɗi ya je kasuwa. Mai sa hannun kuma kada ya zama shi ya kawo ɗan kwangilar. Amma mutum ɗayan nan waye? In mataimakin shugaban jami'a ne, ranar yana cikin jerin gwano sanye da riga. Rajistara ma haka, yana kan dandamali yana jan ragamar taro.

Dakta: Mataimakin rajistara mai kula da harkokin karatu. A cire shi daga jerin gwano, a ba shi rediyon hannu.

Jami'in tsaro: A ba shi, amma a rubuce, da sa hannun shugaban jami'a, a raba wa kowane kwamiti kwafi. In ba haka ba ranar farfesa zai ce masa kai waye. Rediyon kuma a yi cajinsu da daddare, a ware tasha ɗaya ta tsaro da lafiya, ɗaya ta dandamali, don wayar salula ba ta shiga idan mutum dubu tara suka taru a wuri ɗaya.

Akanta: Saura batun ɗage rana. Sai an sa shi a yarjejeniya tun farko: in an ɗage saura sati biyu babu ƙari, in ƙasa da haka makaranta ta biya abin da aka riga aka kashe, da rasit. Masu abinci ne za su fi yin gardama a kan wannan.